Babi na Biyar: Tuffa Mai Kaka Biyu

A ƙasar Hausa tuffa kayan dubiya ce. Ita ake ƙullawa guda uku ko huɗu a leda idan za a je asibiti, ita matafiyi ke riƙowa tsaraba, ita ake yankawa siri-siri a faranti lokacin buɗa-baki don kowa ya samu yanki. Da irin tsadarta babu mai tunanin ɗora ta a wuta. Ka ce wa uwargida ta dafa maka tuffa, sai ta ajiye muciya ta dube ka da kyau, ta tambaye ka ko lafiya. Ni ma haka na ɗauke ta, har shekarar da karatu ya kai ni arewacin Ingila, na kama hayar ɗaki a gidan wata dattijuwa mai bishiyar tuffa guda ɗaya tak a bayan gida.

Cikin watan Agusta na sauka. Bishiyar ba wata doguwa ba ce, amma ta yi 'ya'ya har rassanta sun sunkuya, wasu ma an tokare su da sanda. Kwana biyu da zuwana mai gidan ta ga ina yawan kallonta, ta ce in tsinka in ɗanɗana. Na zaɓi babba, koriya mai ɗan hasken rawaya, na gantsara. Nan take haƙorana suka mutu kamar na tauna ɗanyar tsamiya. Dattijuwar ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Ɗana, ka riga ta da wata guda. Yanzu ta tukunya ce." Da yamma ta fere guda biyar, ta yayyanka, ta zuba ruwa cokali biyu da sukari kaɗan, ta rufe tukunya. Minti goma bai cika ba ƙamshi ya gauraye gidan. Abin da ta zubo mini a kwano mai laushi ne, da ɗan tsami a ƙarƙashin zaƙin, irin wanda ba ya gundurar baki.

Bayan tsakiyar Satumba ta sake miƙo mini wata daga wannan bishiyar dai. Na ce, "Mama, ni da bishiyar nan ai mun yi hannun riga, sai dai mu haɗu a tukunya." Ta ce in ci dai in gani. Launin ya koma rawaya, gefen da ke kallon rana ya yi zane-zanen ja. Da na sa haƙori ruwa ya biyo yatsuna har wuyan hannu. Tsamin yana nan, amma ya ja baya ya bar wa zaƙi wuri. Na tambayi sunan wannan iri, ta ce James Grieve.

Mutanen Birtaniya suna da wata al'ada wadda ba kowace ƙasa mai noman tuffa ke da ita ba. Sun raba tuffa gida biyu, ta ci da ta dahuwa, kuma sun ɗauki rabon da gaske. A Faransa ko Amurka mace kan dafa irin tuffar da yaranta ke ci ɗanya. A Ingila kuwa, musamman zamanin Sarauniya Biktoriya, masu lambu sun ɓata shekaru suna neman tuffar da ba ta da wani aiki sai shiga tukunya: ƙatuwa, koriya, mai tsamin da ba ya tauno. Sarauniyar waɗannan ita ce Bramley, kuma labarinta yana da ɗan ban haushi. Wata yarinya, Mary Ann Brailsford, ita ta shuka ƙwayar tuffa a bayan gidansu a garin Southwell wajen 1809. Daga baya wani mahauci mai suna Matthew Bramley ya sayi gidan. A 1856 wani saurayi ɗan masu renon dashe, Henry Merryweather, ya roƙi a ba shi rassan bishiyar ya yaɗa irin, mahaucin ya ce ya yarda, amma da sharaɗin a sa mata sunansa. Yarinya ta shuka, mahauci ya ci suna. Bishiyar ta asali tana nan a Southwell har zamaninmu, ta haura shekara 200.

A ɗaya gidan, na tuffar ci, wadda Turawan Ingila suka fi yi wa kirari ita ce Cox's Orange Pippin, ƙarama mai ƙamshi, wadda wani mai suna Richard Cox ya samar a Colnbrook, yamma da Landan. Tsakanin gidajen biyu akwai 'yan tsiraru da suka ƙi zama a ɗaki ɗaya. Akwai Blenheim Orange, da aka tsinta a garin Woodstock wajen 1740. Akwai Charles Ross. Akwai Belle de Boskoop ta ƙasar Holan, wadda ta ɓulla a 1856. Waɗannan ana cinsu ana kuma dafa su. A cikinsu James Grieve ce ta fi nuna yadda abin yake aiki, domin ita canjinta a gaban idonka yake faruwa, cikin mako biyar ko shida, tana rataye a reshe.

Sunan na mutum ne. James Grieve ma'aikaci ne a gidan renon dashe na Dickson da ke Edinbura, babban birnin Sikotlan, kuma a can ya raini wannan iri. An fara rubuta labarinta a 1893. Ƙungiyar masana lambu ta masarautar Birtaniya ta ba ta lambar yabo a 1897, ta ƙara mata da babbar shaida a 1906. Iyaye biyu ake ambata mata: Pott's Seedling, wadda tuffar dahuwa ce, da Cox's Orange Pippin da muka ambata. Wato ɗiya ce ta gidaje biyun nan, ta ɗauko tsami daga wannan ɗaki, ƙamshi daga wancan. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe ba, sai dai ita wannan barewa biyu ta gada, kowace da irin gudunta.

A nan ya kamata a fayyace wani abu da ke ruɗa masu sha'awar shuka. In ka ci James Grieve ka binne ƙwayarta, abin da zai fito ba James Grieve ba ne. Kowace ƙwayar tuffa sabon iri ce, haɗin uwa da wani uba da ƙudan zuma ya kawo ƙurar furensa daga inda Allah kaɗai ya sani. Mafi yawan irin waɗannan 'ya'ya ƙanana ne masu bauri, ba su cancanci ko kallo ba. Dacewa irin ta Mary Ann Brailsford ba kullum ake yinta ba. Saboda haka hanyar yaɗa iri mai kyau ɗaya ce, kuma manomin mangwaro ya san ta sarai: aure. A yanko reshen bishiyar da ake so, a haɗa shi da gindin wata, a ɗaure har su kama juna. Duk wata James Grieve da ke tsaye yau a duniya, daga ta bayan gidan dattijuwar nan har zuwa lambunan Jamus, reshe ne na bishiya guda da ta tsiro a Edinbura fiye da shekara 130 da suka wuce, ana ta miƙa ta daga gindi zuwa gindi.

To me ke faruwa a cikin tuffar tsakanin Agusta da Satumba? Abu biyu ne ke musayar wuri. Ɗanyar tuffa cike take da sitaci, wanda ba shi da zaƙi, da kuma wani sinadarin tsami da ake kira malik. Sunan daga kalmar Latin ta tuffa aka samo shi, kuma wani masanin haɗa magunguna ɗan ƙasar Suwidin, Carl Wilhelm Scheele, shi ya fara tace shi daga ruwan tuffa a 1785. Yayin da tuffa ke nuna, sitacin yana narkewa ya zama sukari, ita kuma tana ƙona tsamin a hankali wajen numfashinta, don 'ya'yan itace suna numfashi ko bayan an tsinke su. Manyan manoma suna auna wannan da aidin, irin wanda ake shafa wa ciwo. A raba tuffa biyu a ɗiga mata: inda ya yi baƙi sitaci na nan, inda ya bar fari ya riga ya zama sukari. Kowace tuffa tana bin wannan hanya. Bramley tana farawa da tsami mai yawan da ko ya ragu ba ya sauka inda baki zai so. Masu zaƙi irin su Gala tun farko tsaminsu kaɗan ne. James Grieve tana farawa sama, ta sauka daidai.

Wanda ya tashi a karkara ba zai ga baƙon abu a nan ba. Gero ɗaya ne, amma wanda aka karyo ɗanye aka babbaka tumu ne, wanda aka bari ya bushe a gona shi ke zama fura da tuwo. Yaran da ke dandaƙa ɗanyen mangwaro da gishiri da barkono ba su jahilci cewa zai nuna ba, ɗanyen ne suke so a lokacin. Bambancin kawai shi ne Bature ya zauna ya zaɓi irin da ya fi kyau a matakai biyun, ya ba shi suna.

Tukunya tana son tsami, kuma dalilin a fili yake. Wuta tana kore ƙamshin tuffa mai sauƙin tashi, abin da ke saura shi ne sukari da tsami. In ka dafa tuffa mai zaƙi zalla, sai ka samu wani abu salaf, kamar kabewar da aka zuba wa sukari. Mai tsami kuwa tana riƙe ɗanɗanonta, tana kuma karɓar sukari da man shanu ba tare da ta ɓace a cikinsu ba. Bramley tana rugujewa gaba ɗaya ta zama kamar kumfa. James Grieve ta Agusta tana laushi ne ba tare da ta watse haka ba, kuma ba ta cin sukari kamar Bramley, abin da dattijuwar nan ke yawan faɗa da alfahari, kamar ita ta ƙera ta.

Wuri ma yana da ta cewa. Rana ce ke yin sukari, don haka a mahaifarta Sikotlan, inda zafi ba ya daɗewa, James Grieve ta fi karkata ga tukunya. In aka sauko da ita kudancin Ingila sai ta zama abin ci da hannu, ta yi saurin nuna, wani lokaci ma ta riƙa zubowa da kanta in shekarar ta yi zafi. Iri ɗaya, amma in ka tambayi mutumin Edinbura da mutumin Kent ta kudancin Ingila wace irin tuffa ce, kowa da amsar da zai ba ka, kuma babu maƙaryaci a cikinsu.

Mai son shuka ta a inda take yi, abu na farko da zai zaɓa shi ne gindin da aka aura mata, don gindin ne ke yanke tsayin bishiya da shekarar da za ta fara haihuwa. Wannan ilimi yawancinsa daga tashar bincike ta East Malling da ke Kent ya fito, wadda aka kafa a 1913. A can Ronald Hatton da abokan aikinsa suka tattaro gindunan da manoman Turai ke amfani da su a hargitse, suka tantance su, suka ba kowane lamba. Har yau da waɗannan lambobi ake ciniki a duniya. Gindin M9 yana tsayar da bishiya wajen mita biyu zuwa biyu da rabi, ta fara 'ya'ya cikin shekara biyu ko uku, amma saiwarsa ba ta da ƙarfi, sai an kafa masa turke muddin ransa. M26 ya ɗan fi shi. MM106 yana kai mita uku zuwa huɗu, yana jure ƙasa maras ƙarfi, shi ya sa masu ƙananan lambuna ke yawan zaɓarsa. M25 kuwa na masu fili ne da haƙuri, bishiyar da sai da tsani ake hawa. Ga gida mai ƙaramin fili ni dai zan ce M26 ko MM106, domin amfanin tuffa mai kaka biyu yana ga yawan zagayarta, kuma bishiyar da hannu ba ya kai wa ba ta zagayuwa.

Ana dasa ta tana barci, tsakanin Nuwamba da Maris, lokacin da ta kaɗe ganye. A haƙa rami mai faɗi, a baza saiwoyin, a tabbatar mahaɗar auren ta tsaya sama da ƙasa. In aka binne mahaɗar, reshen sama zai fitar da tasa saiwa ya yi watsi da gindin, sai ka wayi gari da ƙatuwar bishiya inda ka yi tanadin ƙarama. Ƙasa mai riƙe ruwa ita ce babbar abokiyar gabarta. James Grieve tana jure sanyi, furenta ma yana jure ɗan sanyin ƙarshen hunturu da ke ƙone na wasu, amma a wuri mai danshi da laka tana saurin kamuwa da gyambon ɓawo, wata cuta ta naman gwari da ke cin reshe ta zagaye shi har ya bushe. Maganin da masu lambu suka sani wuƙa ce: a yanke wurin har a kai lafiyayyen itace, a ƙone abin da aka yanke. Askin da ake yi mata cikin hunturu ma don haka ne, a buɗe tsakiyar bishiyar iska da rana su ratsa.

Wajen ƙarshen Afrilu zuwa Mayu take fure, fari mai ruwan hoda. Yawancin tuffa ba ta ɗaukar ciki da ƙurar furenta, sai da ta wani iri daban da ke fure lokaci ɗaya da ita. James Grieve tana iya yin 'ya'ya ko ita kaɗai ce, kodayake ta fi yi in tana da maƙwabciya. Ga shi kuma tana da kyauta: ƙurarta tana da yawa da inganci, furenta yana buɗewa a tsakiyar lokaci, don haka manoma sun daɗe suna dasa ta a tsakanin layukan Cox don ta yi musu barbara. Bramley da Blenheim Orange ba sa iya rama wannan alheri. Su ƙwayoyin gadonsu jeri uku ne, guda 51 maimakon 34 na sauran tuffa, ƙurarsu ba ta da amfani ga kowa. Suna karɓa, ba sa bayarwa. Wanda ya dasa Bramley da James Grieve su biyu kawai, Bramley za ta cika da 'ya'ya albarkacin maƙwabciyarta, ita kuwa James Grieve sai abin da ta yi wa kanta.

Yanzu ga inda dabarar take, abin da ya sa na ce wannan tuffa ta gida ce. Bishiyar tana da yawan haihuwa, har ta kan ɗauki abin da ya fi ƙarfinta. A watan Yuni takan zubar da wasu da kanta, amma ba ya isa. In aka bar sauran, duk za su fito ƙanana, rassa su karye, shekara mai zuwa kuma ta yi yajin aiki. Don haka dole a rage. Farkon Yuli ake bin kowane gungu a bar ɗaya ko biyu. Mai tuffar ci zalla daga nan sai jira, duk abin da ya faɗo ɗanye asara ne. Mai James Grieve kuwa daga ƙarshen Yuli ya fara ragi na biyu, kuma wannan ragin abinci ne. Yau ya cire shida na tukunya daga reshen da ya fi nauyi, jibi ya tsince waɗanda iska ta kayar, ya yanke wurin tsutsa ya dafa sauran. Kowace da ya cire ta bar wa 'yan'uwanta ruwa da rana. Kafin Satumba ta zo ya ci rabin amfanin bishiyar a kwano, rabin da ya rage kuma ya fi girma da zaƙi saboda an rage masa abokan rabo. Dattijuwar nan ba ta taɓa karanta wannan a littafi ba, amma haka take yi duk shekara, da ɗan kwandonta a hannu kafin ta ɗora shayin safe.

Sanin ta kai ci da hannu ba wuya. A tallabo ta a tafin hannu, a ɗaga a ɗan murɗa. In ta saki reshe da sandarta ba gardama, ta yi. In sai an fizga, a bar ta. Ƙwayoyin ciki ma suna ba da labari, farare ne a ɗanya, su koma ruwan ƙasa in ta nuna. Ba sa nuna rana ɗaya, na gefen rana da na sama su ke riga, don haka tsinka sau uku ko huɗu ake yi.

A kicin kuwa abin ba shi da iyaka. Mafi sauƙi shi ne wanda na fara ci, a dafa da ɗan ruwa da sukari, in an so a jefa kirfa ko kanumfari biyu. Ana zuba shi a kan kunun alkamar Turawa da safe, ko a ci da madara mai kauri. Akwai wanda ake jera yankakkiyar tuffa a kwanon gashi, a murje fulawa da man shanu da sukari da yatsu har su yi kamar tsaki, a barbaɗa a kai, a gasa sai saman ya yi ja. Akwai wanda ake rufe ta ciki da waje da murzajjen ƙullin fulawa. Wasu kan dafa ta da albasa da citta da ruwan kal su cika kwalabe, su riƙa ci da nama har hunturu ya fita. Wadda ta nuna sosai kuma, in ta fi ƙarfin ci, matse ta ake yi, don James Grieve tana cikin masu ruwa, kuma ruwanta yana da ɗan cizo da ke hana shi zama kamar ruwan sukari. Abu ɗaya da za a kiyaye: da an yanka ta take fara yin duhu, sai a yayyafa mata lemun tsami in ba nan take za a dafa ba.

Da duk wannan alheri, ka shiga manyan kantunan Birtaniya yau da wuya ka ganta. Laifinta biyu. Na farko fatarta da tsokarta ba sa son taɓi, ɗan matsi da yatsa gobe ya zama tabo. A da, lokacin da ake noma ta don kasuwa a ƙasashen Turai da dama, cikin kwanduna ake jera ta da ciyawa, a kai ta birni a jirgin ƙasa ko keken doki, ta isa hannun mai ci cikin kwana ɗaya ko biyu. Na biyu ba ta ajiyuwa. Mako biyu ko uku bayan tsinka ta fara laushi, daɗin ya tafi. Tun shekarun 1920 wasu masana biyu a Kambirij, Franklin Kidd da Cyril West, suka gano cewa in aka sanya tuffa a ɗaki mai sanyi aka rage mata iskar shaƙa, numfashinta yana raguwa, ta yi watanni ba ta tsufa ba. Wannan ya sauya cinikin tuffa gaba ɗaya. Ɗan kasuwa ya koma neman irin da zai jure injin tantancewa, ya kwana a sito har wata shida, ya fito yana sheƙi. Bayan Birtaniya ta shiga kasuwar tarayyar Turai a 1973, Golden Delicious ta Faransa ta cika kantuna da araha, manoma da yawa suka tumɓuke tsofaffin gonakinsu. A irin wannan kasuwa babu wurin tuffar da ke bukatar a san ranar da aka tsinke ta.

Ba na cikin masu zagin ɗan kasuwa a kan wannan. Wanda zai ciyar da birni mai mutum miliyoyi ba zai iya jera tuffa a ciyawa ɗaya bayan ɗaya ba. Abin da na ƙi shi ne a ɗauka abin da ya dace da sito shi ne ya fi kyau a baki. Ma'auni biyu ne daban, kuma James Grieve ta faɗi ɗaya ne kawai. Shi ya sa ta koma inda ta fi ƙarfi, bayan gidaje da ƙananan lambuna, inda tazarar bishiya da tukunya taku goma ne. Gidajen renon dashe suna sayar da ita har yanzu, tana kuma cikin tarin irin 'ya'yan itace na ƙasa da ke Brogdale a Kent, inda ake adana tuffa iri fiye da 2,000. Jininta ma ya bazu. An haɗa ta da Worcester Pearmain aka sami Lord Lambourne a Ingila a 1907, aka sake haɗa su a Suwidin aka sami Katja a 1947. A East Malling kuma aurenta da Golden Delicious, wadda ta kore ta daga kanti, shi ya haifi Greensleeves da Falstaff.

Mai karatu zai ce, to mu ina ruwanmu, tunda ba za mu gan ta a Kano ko Maraɗi ba? Gaskiya ne ba za ta yi a ƙasarmu ba. Irin waɗannan tuffa sai sun kwashi ɗaruruwan sa'o'i, wasu har wajen dubu, cikin sanyin da bai wuce digiri 7 ba kafin idanunsu su buɗe su yi fure yadda ya kamata, kuma hunturunmu, duk da kukan da muke yi da shi, bai kai nan ba. Masu gwada noman tuffa a wurare masu tudu da sanyi irin tsaunin Jos sun fi dogara ga irin da ke wadatuwa da sanyi kaɗan, kamar Anna, wadda aka samar a Isra'ila don ƙasashe masu ɗumi.

Amma 'yar'uwarta a wannan sana'a ta aiki biyu tana nan a tiren mai kayan marmari a bakin titi, mun daɗe muna wuce ta. Ita ce koriyar nan shar mai tauri, wadda yara ke ƙi su ce a saya musu ja. Sunanta Granny Smith, wato Kaka Smith, sunan wata tsohuwa Maria Ann Smith da ta yi ƙaura daga Ingila zuwa Ostireliya, ta tarar da bishiyar ta tsiro da kanta a gonarta kusa da birnin Sidni a 1868. Tsohuwar ta rasu a 1870, ba ta ga inda tuffarta ta kai ba. Ita duk abin da James Grieve ta rasa tana da shi: fata mai kauri da maiƙo, tsoka mai tauri, ga jure doguwar tafiya a jirgin ruwa. Mafi yawan wadda ke zuwa mana daga Afirka ta Kudu take, daga kwaruruka irin su Elgin da Ceres. Ba ta da taushi da ƙamshin James Grieve ta Satumba, wannan sai wanda ya tsaya a gindin bishiyar. Tsamin nan nata da muke ƙorafi a kai kuwa shi ne abin da tukunya ke nema.

In ka sake zuwa wajen mai tuffa, sayi koriya guda biyu. Ka ci ɗaya yadda ka saba. Ɗayar a fere ta, a cire ƙwayoyin, a yanka gida takwas, a sa a ƙaramar tukunya da ruwa cokali biyu, sukari cokali ɗaya da ɗan guntun kirfa, a rufe, a rage wuta. Minti goma ya ishe ta. In uwargida ta tambaye ka ko lafiya, ka miƙa mata cokali.